Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokokin Amurka kan 'ya'yan da sojojinku suka bari a Filifin

Zuwa ga masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai, birnin Washington.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, dalilin wannan takarda wata doka ce da majalisarku ta yi, wadda Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu ranar 22 ga Oktoba, 1982. Dokar ta buɗe ƙofar shiga Amurka ga 'ya'yan da Amurkawa, yawancinsu sojoji, suka haifa da matan Asiya suka tafi suka bari, wato mutanen da ake kira Amerasian. Ƙasashe biyar ta ambata: Koriya, Biyetnam, Laos, Kambodiya da Tailan. Babu Filifin a ciki, babu Japan. Kuma ba mantuwa aka yi ba, domin sunayensu suna cikin daftarin da aka fara kawowa, sai da tafiya ta yi nisa aka soke su. Fiye da shekara 40 ke nan ba a mayar ba. Yaran da aka tsallake a wancan lokaci yau wasunsu sun yi jikoki, kuma kan su nake rubuto muku.

Filifin ba baƙuwa ba ce a wurinku. A 1898 kuka karɓe ta daga hannun Sifaniya kan dala miliyan 20, kuka mulke ta har 1946. Shekara guda bayan ta sami 'yancin kai aka ƙulla yarjejeniyar da ta bar muku sansanonin soja, kuma biyu daga ciki suka zama mafiya girma da kuke da su a wajen ƙasarku: sansanin sojan sama na Clark a gefen garin Angeles, da na sojan ruwa a Subic, bakin garin Olongapo. Lokacin yaƙin Biyetnam nan jiragen ruwanku suke zuwa gyara da shan mai, nan kuma ake sauke samarin soja su huta kafin su koma fagen daga.

Kun san yadda hutun yake, amma bari in faɗa don kada a ce ba a faɗa ba. Jirgi ya tsaya a Subic, dubban matasa su fito da albashin watanni a aljihu, su haye wata 'yar gada da ke kan magudanar ruwa tsakanin ƙofar sansani da gari, sai ga su a titin Magsaysay, inda mashaya da gidajen rawa suke jere hagu da dama. Yawancin matan da ke aiki a ciki 'yan ƙauye ne da talauci ya koro daga larduna irin su Samar da Leyte. Kowace sai ta yi rajista, ta riƙa zuwa asibitin gwaji na gari a kai a kai ana duba ta, a ba ta kati mai nuna ba ta ɗauke da ciwon sanyi. Rundunar sojan ruwanku tana tallafa wa wannan asibiti da magani da kayan aiki, saboda ba ta son matuƙanta su kamu da cuta. Ke nan hukuma ta san matan, ta san lambobin katinsu, ta san ranar da aka duba kowace. Abin da ba ta taɓa buɗe wa littafi ba shi ne cikin da ake samu da jariran da ake haifa.

Kuma kada a yi wa iyayen nan mata kuɗin goro. Da yawa ba su taɓa aiki a mashaya ba. Akwai masu wanki da guga, akwai masu shara da girki a gidajen hafsoshi, akwai akawu a ofisoshin sansani. Akwai wadda ta zauna da soja shekara biyu ko uku a ɗakin haya kamar miji da mata, makwabta sun san shi, ya rungumi jaririn an ɗauki hoto, rana ɗaya aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da alkawarin zai aiko da takardu. Wasiƙa ta zo sau ɗaya, sau biyu, shi ke nan.

A watan Yunin 1991 dutsen Pinatubo ya yi aman wuta, toka ta binne Clark. A Satumban shekarar majalisar dattawan Filifin ta ƙi sabunta yarjejeniyar sansanoni da ƙuri'a 12 da 11. Kafin ƙarshen Nuwamban 1992 an sauke tutarku a Subic, jirgi na ƙarshe ya ɗaga. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne an bar yara kusan 52,000, kuma wani bincike na 2012 ya ce idan an haɗa da 'ya'yansu da jikokinsu adadin zai iya kaiwa 250,000. A unguwa ana tsokanarsu da "waɗanda jirgi ya tafi ya bari". Duk wanda ya ga fuskar yaron ya riga ya yanke hukunci kan sana'ar uwarsa, ko gaskiya ne ko ƙarya. Wanda ubansa farar fata ne yakan ɗan samu sauƙi, domin a can ana son hasken fata, har wasu sun shiga harkar fim da talla. Wanda ubansa baƙar fata ne kuwa ya sha biyu: gorin rashin uba, da gorin launi da murɗaɗɗen gashi tun daga ajin firamare. Da yawa haka suka bar makaranta, ba don ba su da kai ba, sai don zuwa aji ya zama azaba kuma babu kuɗin littafi.

Hujjojin da aka riƙa kawowa na cire Filifin guda uku ne, kuma ko ɗaya ba ta tsayawa da ƙafarta. An ce Filifin ba fagen yaƙi ba ce. To Tailan fa? Ita ma sansanoni da wuraren hutu ta bayar, ba a gwabza yaƙin Biyetnam a titunan Bangkok ba, amma tana cikin dokar. An ce ruwa-biyu ba sa fuskantar wariya a Filifin kamar a Koriya ko Biyetnam. Wanda ya faɗi haka bai zauna da ɗan baƙar fata a Angeles ya ji ta bakinsa ba. Ta uku, wadda ba a cika faɗa da ƙarfi ba, ita ce wai 'ya'yan karuwai ne. Ko da a ce haka ne, ba ita kaɗai ta yi cikin ba, kuma garuruwan bariki na Koriya irin su Dongducheon da Uijeongbu ba su da bambanci da Olongapo ta wannan fuska. Abin da nake gani ya rage shi ne tsoron yawa. Sansanonin Filifin suna aiki a lokacin, ana ci gaba da haihuwa, kuma babu wanda yake son a buɗe ƙofar da ba a san ranar rufe ta ba. Idan dalilin ke nan, to ya faɗi tun 1992.

A 1993 lauyoyi suka shigar da ƙara a Amurka a madadin yara kusan 8,600 na Olongapo, suna neman dala miliyan 68 don karatunsu da lafiyarsu, suna kafa hujja da hannun da rundunar sojan ruwa take da shi a tsarin gidajen rawa da asibitin gwaji. Kotu ta yi watsi da ƙarar. Marigayi Sanata Daniel Inouye na Hawaii ya kawo ƙudurin saka Filifin da Japan cikin dokar fiye da sau ɗaya, kowane karo ƙudurin ya mutu a kwamiti.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kun nuna za ku iya idan kun so. Dokar 1982 ba ta amfani 'yan Biyetnam sosai ba, saboda ba ku da hulɗar jakadanci da ƙasar a lokacin, kuma ta ce yaro ya taho shi kaɗai, uwa ta sa hannu ta sallama shi. Wace uwa ce za ta yarda cikin daɗin rai? Sai a 1985 jaridar Newsday ta buga hoton wani yaro ruwa-biyu mai shan inna yana rarrafe yana bara a titin birnin Ho Chi Minh. Ɗaliban wata sakandare a Huntington da ke jihar New York suka ga hoton, suka tara sa hannun dubban mutane suka kai wa ɗan majalisarsu, Robert Mrazek. Ya je Biyetnam da kansa ya taho da yaron, ya kuma jagoranci dokar da aka zartar a ƙarshen 1987, wadda ta ba duk wanda Ba'amurke ya haifa a Biyetnam daga farkon 1962 zuwa farkon 1976 damar zuwa Amurka tare da uwarsa da 'yan uwansa. Ba a nemi sa hannun uba ba. Sau da yawa jami'in ofishin jakadanci fuska kawai yake dubawa, hanci da ido da gashi, ya buga hatimi. Ta wannan hanya sama da mutum 20,000 suka shiga Amurka, da danginsu da suka ninka su.

Ga inda abin ya zama kamar almara. Kafin a wuce da su Amurka, ana fara sauke su a sansanin 'yan gudun hijira na Morong, a lardin Bataan na Filifin, su yi kusan wata shida suna koyon Turanci da yadda ake zaman Amurka. Morong tana makwabtaka da Subic. Ke nan a daidai shekarun da ake koya wa ɗan sojan da aka haifa a Saigon, wato birnin Ho Chi Minh na yanzu, yadda zai cika takardar neman aiki a Kalifoniya, ɗan sojan da aka haifa a Olongapo yana can bayan tsauni yana sayar da sigari da cingam a ƙofar sansani. Babu mamaki ma jirgi ɗaya ne ya kawo ubanninsu. Kamar gida ne aka yi rabon kayan salla, aka kira 'ya'yan ɗaki ɗaya aka gwada musu, 'ya'yan ɗaya ɗakin suna tsaye a bakin ƙofa suna kallo.

Ba ina cewa 'yan Biyetnam ɗin sun faɗa aljanna ba ne. Yaran da jiya ake kira ƙurar titi, ake korarsu daga makaranta, wasu iyaye mata har suna ƙona hotuna da wasiƙun uban don tsoron sabuwar gwamnati, dare ɗaya suka zama hajar kasuwa. Masu kuɗi suka riƙa sayen su da zinariya, su yi takardun bogi cewa 'ya'yansu ne, su bi su zuwa Amurka, da an sauka a watsar da su. Da jami'anku suka farga sai suka tsananta, har masu gaskiya suka riƙa shan ƙi. Har yanzu akwai ɗaruruwa a Biyetnam da aka ƙi. Waɗanda suka shiga kuma izinin zama aka ba su, ba takardar ɗan ƙasa ba. Ɗan Ba'amurke ne, amma sai ya zauna jarrabawar Turanci da tarihin Amurka kamar kowane baƙo, alhali da yawansu ko harshensu na Biyetnam ba su iya karantawa ba saboda ba su yi makaranta ba. 'Yar majalisa Zoe Lofgren ta kawo ƙudurin a ba su takardar kai tsaye, bai wuce ba. Sakamakon haka wanda ya yi wani laifi a ƙuruciya yana iya wayar gari a tsare ana shirin mayar da shi ƙasar da ta kore shi tun farko.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Tushen matsalar yana cikin dokarku ta zama ɗan ƙasa, sashe na 309. Idan Ba'amurkiya ta haihu a ƙasar waje ba aure, ɗanta yana bin ta ba tare da wata doguwar shari'a ba, muddin ta cika sharaɗin zama a Amurka. Idan namiji ne ya haifa, sai an tabbatar da jini, sai ya rubuta cewa zai ɗauki nauyin yaron, sai kuma ya amsa shi a hukumance kafin yaron ya cika shekara 18. Mabuɗin yana hannun mutumin da ya gudu. In ya yi shiru har yaron ya kai 18, ƙofa ta rufe, ko da daga baya ya yi nadama ya zo da kansa yana kuka.

Haka kuwa aka yi a shari'ar Miller da Albright ta 1998. Yarinyar an haife ta a Angeles a 1970, ubanta sojan sama ne. Ya je kotu a Texas ya amsa cewa 'yarsa ce, amma ta riga ta haura shekarun da doka ta gindaya, Kotun Ƙoli ta bar ta a waje. A 2001 aka sake yi a shari'ar Nguyen, wanda aka haifa a Saigon a 1969, uban ya riƙe shi a Texas tun yana ɗan kusan shekara 6, gwajin jini ya tabbatar ɗansa ne. Ya aikata mummunan laifi yana saurayi, ba na wanke shi, kuma ya cancanci hukuncin da kotu ta yi masa. Tambayar da ke gaban alƙalai ita ce ko ɗan ƙasa ne. Biyar suka ce a'a, huɗu suka ce e. Masu rinjaye ba su ɓoye ba, sun ambaci yawan samarin soja da ke aiki a ƙasashen waje a matsayin abin da ya sa doka ta yi wannan shinge. Mai shari'a Sandra Day O'Connor, a hukuncin marasa rinjaye, ta nuna cewa wannan ci gaba ne na tsohon tsarin da ke ɗora wa mace nauyin ɗan da aka haifa ba aure, ya sallami namiji. Kotu ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Ba ta ce ba za ku iya gyara ta ba. Ku kuka rubuta ta.

A da ana iya fakewa da cewa ba a da tabbas, kowa na iya zuwa ya ce ubansa soja ne. Yanzu wannan uzuri ya ƙare. Mutum ya tofa miyau a 'yar kwalba ya aika ta gidan waya, bayan 'yan makonni kamfanin gwajin ƙwayar halitta ya nuna masa 'yan uwansa na jini a Ohio ko Alabama. Ko uban ya rasu, ƙanwarsa ko ɗansa na can sun isa shaida. Kuma masu wannan aiki ba gwamnatinku ba ce. Ƙungiyar Amerasians Without Borders, wadda su ruwa-biyun da suka samu shiga Amurka suka kafa, ita ke tara kuɗi tana aika kayan gwaji ga waɗanda suka rage a Biyetnam. Ƙungiyar 325Kamra tana yin irinsa ga 'yan Koriya. Akwai masu sa kai da suke kwana a gaban kwamfuta suna bin sassalar dangi, daga jikan ƙanin kaka har su gano wane ne cikin 'ya'yan gidan ya yi aikin soja a Subic a shekara kaza. Daga nan sai abu mafi wuya: wa zai buga waya, me zai fara cewa? Wani dattijon ya fashe da kuka ya ce ya daɗe yana nema. Wani ya kashe wayar. Wani matarsa ce za ta ɗauka ta ce kada a sake kira. Wanda aka yi sa'a uban ya karɓe shi hannu bibbiyu, sai ya je ofishin jakadanci a Manila ya tarar shekarunsa 45, sashe na 309 ya riga ya rufe shi. Ga sakamakon gwaji a hannu, ga uba yana cewa nawa ne, amma ko bizar zuwa jana'izar uban ba ta da tabbas.

Tun farko dama masu tausayi ne suka riƙe wannan kaya. Marubuciya Pearl Buck, wadda ta yayata sunan Amerasian, ta buɗe gidan Welcome House a 1949 saboda hukumomin ba da riƙon yara na lokacin ba sa karɓar ruwa-biyu, sannan ta kafa gidauniyarta a 1964 don tallafa musu a ƙasashensu. Ta hannun wannan gidauniya wani yaro ɗan Angeles, Allan Pineda, wanda ubansa baƙar fata sojan sama ya tafi ya bari, ya samu mai ɗaukar nauyinsa, ya tafi Los Angeles yana ɗan shekara 14, ya zama shahararren mawaƙi. Ana yawan kawo labarinsa don a nuna abin yana yiwuwa. Ni abin da nake gani a ciki shi ne sa'a ce ta fitar da shi, ba doka ba, kuma sa'a ba ta isar mutum dubu hamsin. A Olongapo akwai gidauniyar PREDA da limamin Katolika ɗan Ireland, Shay Cullen, ya kafa a 1974, akwai cibiyar Buklod ta matan da suka yi aiki a gidajen rawa. A Japan wata mata mai suna Miki Sawada ta buɗe gidan marayu na Elizabeth Saunders a Oiso a 1948. A Okinawa iyaye mata biyar ne suka haɗa kai a 1998 suka buɗe makaranta a Ginowan, inda ake koyar da yaran da Japananci da Turanci, don kada a tilasta musu zaɓen rabi su jefar da rabi. Gwamnan da mutanen Okinawa suka zaɓa a 2018, Denny Tamaki, ɗan sojan Amurka ne da bai taɓa ganin ubansa ba, kuma da adawa da gina sabon sansaninku ya ci zaɓe. Duk waɗannan cibiyoyin da kuɗin sadaka da guminsu suke aiki, alhali kasafin ma'aikatar tsaronku ya haura dala biliyan 800 a shekara.

Su kansu mutanen ba bakinsu ɗaya ba kan abin da suke so, kuma ya kamata a saurare su a kan haka. Akwai mai son ya koma Amurka ya yi aiki ya turo wa iyali. Akwai wanda ya ce shi ɗan Filifin ne, nan aka binne cibiyarsa, harshen Tagalog yake mafarki da shi, ba inda za shi, yana dai son a rubuta a takarda cewa yana da uba kuma ga sunansa. Akwai wadda burinta bai wuce ta ga hoton mutumin ta san ko ciwon sukarin da ke damunta gadonsa ta yi ba. Wasu ma sun daina cewa su rabi-da-rabi ne, sun ce su biyu ne cikakku. Doka mai kyau za ta ba kowannensu zaɓi, ba za ta ce sai wanda ya yarda ya bar uwarsa da ƙasarsa za a san da shi ba, kamar yadda ta 1982 ta yi.

Na san a cikin masu karanta wannan da Hausa akwai mai cewa ai ɗan gaba da Fatiha ba ya bin uba. Wannan magana ce ta nasaba da gado, tana da wurinta. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce a hukunta jariri kan abin da manya suka aikata ba, kuma dokar Amurka ba a kan wannan ta ginu ba, tunda tana karɓar irin wannan ɗa idan uwarsa ce Ba'amurkiya. Sannan mu ma a nan Afirka ta Yamma ba mu da bakin yin fariya. Dakarun ECOMOG da suka shiga Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, yawancinsu 'yan Najeriya ne, kuma sun bar 'ya'ya masu yawa a can waɗanda suka tashi suna neman ubanninsu. Wannan wasiƙa ce ta daban, da za a aika Abuja. Na kawo shi ne don ku san ba daga kan tudu nake magana ba. Duk inda aka jibge samari da bindiga da albashi a tsakiyar talakawa, za a haifi yara, kuma rundunar da ta kai su ta san haka tun kafin su sauka.

Koriya ta Kudu ta fara ɗaukar nata kason. A Satumban 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa gwamnati tana da laifi wajen tsarawa da ƙarfafa karuwanci a garuruwan da ke kewaye da sansanonin Amurka, ta umarci a biya matan diyya. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma an rubuta a hukumance cewa ba matan kaɗai suka yi ba. Ɗaya ɓangaren na wannan ciniki har yau bai ce uffan ba.

Kun taɓa gyara irin wannan kuskure, kuma a kan 'yan Filifin ɗin. A 1946 majalisarku ta soke haƙƙin da aka yi wa sojojin Filifin alkawari bayan sun yi yaƙin duniya na biyu ƙarƙashin tutarku. Sai a 2009 kuka amince a biya waɗanda suka rage, dala 15,000 ga mai takardar ɗan ƙasar Amurka, dala 9,000 ga wanda ba shi da ita. Shekara 63 aka yi ana jira, yawancinsu sun mutu kafin kuɗin su zo. Ina roƙon kada a jira irin wannan lissafi a nan. Wanda aka haifa lokacin da yaƙin Biyetnam ya yi tsanani yanzu yana dab da 60, ubansa in yana raye ya haura 75, kuma kowace shekara shaidu suna raguwa.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Ku mayar da sunan Filifin da na Japan cikin dokar 1982, ku ja wa'adin haihuwa ya kai ƙarshen 1992 ga Filifin, tunda sai lokacin kuka tashi. Ku cire shingen shekara 18 ga duk wanda gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar ɗan Ba'amurke ne, ko uban ya sa hannu ko bai sa ba, ko yana raye ko ya rasu, kuma ofisoshin jakadancinku na Manila da Ho Chi Minh su ɗauki kuɗin gwajin, domin mai tura keken haya a Angeles ba shi da su. Waɗanda suka shiga ƙarƙashin dokar 1987 a ba su takardar ɗan ƙasa ba tare da jarrabawa ba.

Akwai kuma na gaba. Tun yarjejeniyar tsaro ta 2014 sojojinku sun koma Filifin, kuma a 2023 wuraren da aka ba ku damar amfani da su suka kai tara, ɗaya daga ciki sansanin Basa ne, a lardin Pampanga inda Clark take. Jiragen ruwanku sun ci gaba da tsayawa a Subic. Duk lokacin da za ku amince da kuɗin waɗannan wurare, ku sa sharaɗi a rubuce cewa sojan da aka kawo ƙararsa kan ciki za a yi masa gwaji kafin a canza masa wurin aiki, in ya tabbata nasa ne a riƙa cire kuɗin ciyarwa daga albashinsa ana aika wa uwar, kamar yadda ake yi idan a Texas ko Virginia ya haifi yaron, kuma a yi wa jaririn rajista a ofishin jakadanci tun yana cikin zanen goyo.

Ku huta lafiya.